Gunki ne ko mutum-mutumi? Amsar tambayoyinku na wannan makon

Wata malamar makaranta daga Agege ta ce sun kai yara Lekki Conservation Centre, wurin kare bishiyoyi da namun daji a Legas, ranar Asabar, a hanyar dawowa suka biya Freedom Park, yanzu tana so ta rubuta rahoto da Hausa. Wurin bishiyoyin nan na Lekki lambu za ta ce ko daji?

Malama ba lambu ba ne. Lambu sai da ban ruwa da mai shuka, kamar na albasa da tumatir a bakin rafi. Daji kuma yakan zama a buɗe, kina hango nesa. Inda bishiyoyi suka haɗe kai har rana ba ta sauka ƙasa sosai, ga danshi ga inuwa, wannan kurmi ne, shi ya sa ma fataken goro na da in sun nufo kudu sai a ce sun tafi kurmi. Amma tunda an killace shi tun 1990, hekta 78, ana tsaronsa, in kin ce gandun daji ma kin yi daidai.

Wani daga Idi-Araba ya tambaya, siffofin dattawan nan uku masu fararen huluna da ke yi wa baƙi maraba da shigowa Legas, gumaka ne?

To nan fa ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Wallahi abin na damuna yadda yanzu duk abin da aka sassaƙa sai ka ji an ce gunki, har a rediyo. Gunki shi ne abin da ake bauta wa, a yi masa yanka, a roƙe shi biyan buƙata. Wanda aka yi don tarihi ko ado ko tunawa da wani, sunansa mutum-mutumi, kuma kalmar ba baƙuwa ba ce, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mutum-mutumin da ake kafawa a gonar gero da tsohuwar riga don korar tsuntsaye, wa ya taɓa ce masa gunki? Dattawan nan Bodun Shodeinde ne ya ƙera su a 1991, siffar hakiman Ikko masu farar hula, gaisuwa suke yi, ba wanda ke zuba musu manja. Haka na Freedom Park a titin Broad, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne aka mai da shi wurin shaƙatawa a 2010, siffofin da ke ciki na tarihi ne da ado.

In kana son inda kalmar gunki za ta iya shigowa, sai kurmin Osun na Oshogbo, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Can akwai wuraren bauta na gaske, ga manyan siffofi da Susanne Wenger 'yar Austiriya ta yi tare da masu sana'a na garin. Ko a can ma sai ka duba, wanne ake kai wa hadaya, wanne ne aikin hannu kawai. Mu da muke zaune cikin Yarbawa ya kamata mu fi kowa kula, domin kiran abin tunawa da kakan mutum gunki magana ce mai nauyi, tana iya ɓata maƙwabtaka.

Gadar nan mai lilo ta saman bishiyoyi a Lekki, mai tsawon mita 401, gadar sama ce? A'a, motoci sun riga sun karɓe wannan sunan. Ka ce gadar lilo, kowa zai gane.

Wani yaro ya ce biri mai ɗingishi ya fizge masa biskit a can, babansa ya ce "ko biri ya karye ya hau rumbu", me ake nufi? Ana nufin abin da mutum ya saba kuma ya ƙware a kai, rauni ba ya hana shi. Rumbu dai ka sani, inda ake ajiye hatsi, nan ne idon biri yake kullum.

Mai tambaya kan "yawon buɗe ido", eh Hausa ce mai kyau, yi amfani da ita.