Kafin Ka Ci Bashin Babban Inji, Ina Littafin Ruwanka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Abuja. Shekara biyar ke nan ina sayar da kifin ado, ina kuma kula da akwatunan kifi na gilashi a ofisoshi da gidaje. Bara mutum uku suka ce kifin teku suke so, kowa da akwati mai cin kusan lita 400. Sai na haɗa wurin kwaɓa ruwan gishiri a bayan gidana: ƙaramin injin tace ruwa, duro biyu da famfon juya ruwa. Ɗan yayata ne ke haɗa ruwan, don ni ina shago. Watan jiya muka canza ruwa a gidan ɗaya daga cikinsu, kafin kwana biyu kifayen suka mutu kaf, na biya naira dubu 600 daga aljihuna. Ina ganin injin ne ya yi ƙanƙanta. Wani abokina zai ranta mini miliyan 3 in sayi babba da tankuna masu lita dubu, in riƙa sayar da ruwan a jarka kamar yadda na ga ana yi a Amurka. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri, dubu 600 ba ƙaramin abu ba ne a hannun mai shago. Amma kuɗin abokin nan naka kada ka karɓa. Ko gobe ya kawo maka su har gida, ka yi masa godiya ya koma da abinsa.

Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman lamba ɗaya tak da ta shafi ruwan da kuka zuba a ranar, ban gani ba. Ka faɗi abin da ka biya, ka faɗi abin da za ka ranta, har girman tankin da kake sha'awa ka faɗa. To gishirin ruwan nan, nawa ma'auni ya nuna? Awa nawa ya yi yana juyawa a duro kafin a ɗura shi a jarka? Yaushe rabon da a canza gawayin da ke tace ruwa a cikin injin? Na tabbata da ka sani da ka rubuto. Yaron ma in ka tsare shi, "daidai na yi, Kawu" kawai zai ce maka, kuma ba ka da abin da za ka gaskata shi ko ka ƙaryata shi da shi. Nan matsalarka take. Kana sana'ar da gaba ɗayanta awo ce, ba ka rubuta awon.

Batun inji kuwa, an bar jaki ana dukan taiki. Ƙananan injinan RO da ake sa wa gida, wato masu matse ruwa ta cikin siririn tantani don tace shi, da yawansu a takarda galan 75 suke bayarwa a rana, wato wajen lita 280. Mu ce ruwan gidanka ba shi da ƙarfi, rabin haka yake ba ka. Masu kiwon kifin teku sukan canza kashi goma cikin ɗari a mako, lita 40 ke nan a kowane akwati, mutum uku lita 120. Ƙara da wanda za ka cike gurbin abin da ya tashi a iska. Aikin kwana ɗaya ne ko biyu na injin da kake rainawa, sauran kwanakin mako a zaune yake. Sannan ƙanƙantar inji yawan ruwa take ragewa, ba ta ɓata shi. Ƙaramin inji mai sabon gawayi da lafiyayyen tantani ya fi babba da aka bari shekara ba a buɗe ba, kuma babban da za ka saya, hannun da ya riƙe ƙaramin ne zai riƙe shi.

Me ya kashe kifin? Abubuwan da za su iya yi suna da yawa. In ruwan famfo kake tacewa kuma gawayin ya gaji, kulorin zai wuce, ya cinye tantanin injin, ya ƙone wa kifi wurin numfashi. In durorin nan a kasuwa ka saye su na hannu, ka san me suka ɗauko kafin su zo gidanka? Duro da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko sinadarin wanki, wanke shi sau goma ba ya sa in yarda da shi. Kan famfo na tagulla ma guba ne a hankali, musamman ga murjani da jatan lande. Akwai kuma gaggawa: a zuba gishiri a juya minti goma a ɗauka, ruwan bai gama narkewa ba.

Amma ga abin da ya fi damuna. Mai yiwuwa ruwanka lafiyarsa ƙalau. Dare ɗaya aka ɗauke wuta a gidan mutumin ba a tada janareta ba, famfon akwatin ya tsaya, iskar ruwan ta ƙare, kifin teku ba ya jure wannan kamar tarwaɗa. Ko 'yar aiki ta fesa maganin sauro a falo ta rufe ƙofa. Ko yara sun juye rabin gwangwanin abinci a ciki. Da a ranar ka buɗe littafi a gabansa ka ce, Alhaji ga abin da muka zuba, gishiri kashi 35 cikin dubu, TDS, wato awon dattin da ya narke a ruwa, sifili, ya kwana yana juyawa, daga duron nan muka kai gida kaza da ofis kaza kuma kifinsu na nan da rai, da maganar ta canza salo. Ko da za ka taimaka masa, da rabi za ka biya, don mutunci. Ka biya duka saboda bakinka babu hujja. Kuɗin littafin da ba ka saya ba ke nan, dubu 600.

Yanzu mu zo kan yaron. Ban ce mugu ne ba, ban kuma ce ka kore shi ba. Amma na san yadda ake yi. Ka nuna masa sau ɗaya ko biyu, gwangwani kaza a duro ɗaya, ka tafi shago. Daga nan ya koma aiki da ido. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to wannan aikin ƙima ba ta isarsa. Ruwan teku gishirinsa kashi 35 ne cikin dubu, abin da ma'aunin nauyin ruwa ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. Wajen giram 36 zuwa 38 na garin gishirin kake bukata a kowace lita, duro mai lita 200 zai ci kilo bakwai da ɗoriya. Garin nan yana shan raɓa, da damina in an bar bokitin a buɗe sai ya dunƙule, gwangwanin yau ba na jiya ba ne. Sikeli za ka saya masa, ya auna, bayan ya narke kuma ya sake dubawa da rifraktomita, wannan ɗan madubin da ake ɗiga ruwa a kai a leƙa. Shi ma madubin yakan kauce, sai ana daidaita shi da ruwan gwaji mai 35.

Ka tambaye shi abu biyu yau da daddare, cikin raha, kada ya ji kamar tuhuma. Wanne yake fara zubawa a duro, ruwa ko gishiri? Ruwa ake cikawa, a kunna famfo, sannan a riƙa barbaɗa gishiri. In aka yi akasin haka sai kalsiyam ɗin ciki ya kwanta fari fat a ƙasan duro, ba ya sake narkewa. Na biyu, in ya je gidan kwastoma ya tarar ruwan akwati ya sauka, da wanne yake cikawa? Ruwa ne ke tashi a iska, gishiri yana nan inda yake. Da tataccen ruwa zalla ake cikawa. Wanda ke cikawa da na gishiri, kowane mako ƙara wa akwatin gishiri yake yi bai sani ba, kuma da hunturu, ko a falo mai na'urar sanyaya ɗaki, saukar ruwan ta fi sauri. Dalilin duro biyu ke nan. Ka sa fenti ka rubuta a jikin kowanne da manyan baƙaƙe, jarkokin ma kada su gauraya.

Littafin da nake nufi, na 'yan makaranta ne mai bango mai kauri, a ɗaure shi da igiya a jikin bango kusa da duro, da biro. Kowane kwaɓi layi ɗaya: kwanan wata, abin da TDS ya nuna a bakin injin, kilo nawa aka zuba, daga wane bokiti, ƙarfe nawa aka kunna famfo, gishiri nawa da zafi nawa washegari, gidan wa aka kai, sa hannun wanda ya yi. TDS sifili ake so. Ranar da ya fara nuna 1 ko 2, ƙwayoyin matatar ƙarshe sun kusa gajiya, ka nemi sababbi. A shafin baya, ranar canza kowace matata. Ka kuma riƙa ɗibar kwalba ɗaya daga kowane kwaɓi, ka manna mata kwanan wata, ka ajiye mako biyu. A gidan kwastoma ma a auna akwatin kafin a taɓa shi da bayan an gama, ya gani da idonsa. Duk wannan ba zai ci minti biyar ba a rana.

Shekarun baya wani bawan Allah mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a wajen Kaduna ya zo mini da magana irin taka. Sau uku 'ya'yan kifinsa suna mutuwa dubbai a dare ɗaya. Ya yanke hukunci ruwan rijiyarsa ne, ya sayar da fili ya haƙa sabuwar burtsatse. Wata bai cika ba suka sake mutuwa. Har ya fara zargin maƙwabta da baki. Na ce ya rubuta duk abin da ake yi a wurin kullum, komai ƙanƙantarsa, da sunan wanda ya yi. Bayan mako shida muka zauna a kan tabarma a ƙofar gonar muna bin shafukan da yatsa. Duk mutuwa tana biyo bayan ranar da ƙanensa ya yi wanke-wanke. Muka leƙa bayan ɗaki, ga ledar garin sabulu a kan bulo, da ita yake wanke robobi da raga, don yana son yayansa ya ga wurin tsaf. Yaron kirki ne, ba wanda ya taɓa gaya masa. Filin dai ya tafi.

Batun sayar da ruwa a jarka, ka yi haƙuri, mafarki ne tukuna. Shagunan da ka gani a Amurka suna yi ne saboda a gari ɗaya masu wannan kiwo suna da yawa, su suke zuwa da motocinsu su ɗauka. Kai ɗauki biro ka rubuta mini mutanen da ka sani da suna a Abuja masu akwatin kifin teku, waɗanda ba naka ba. In ka cika yatsun hannu biyu, ka sake rubuto mini. Ka kuma san nawa lita ɗaya ke tsaya maka? Injin RO na gida yakan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ya ba ka ɗaya mai kyau, wato cika duro ɗaya zai ja maka kusan lita dubu daga tanki, da man janaretan da ya hau da shi sama. Gishirin daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, bokiti mai kilo 20 ba zai cika maka duro uku ba. Kada kuma wani ya ruɗe ka da gishirin miya don arha, ba shi da kalsiyam da maganiziyam da sauran abubuwan da ruwan teku ke ɗauke da su. Jarka mai lita 25 ta haura kilo 25, a kai ta Maitama ko Asokoro, a hau da ita bene. Ka haɗa duk wannan ka raba da lita. Ina zargin ko kwastomominka uku na yanzu, ba ka san ko kana cin riba a kansu ba. Wanda bai san wannan ba, miliyan 3 na bashi ramin zai faɗaɗa masa, kuma bashin aboki in ya lalace, da kuɗin da abotar tare suke tafiya.

Abin da ke kawo kuɗi a sana'arka shi ne kulawar wata-wata, mutum ya biya ka ya kwanta da sanin kifin da aka ɗauko masa daga Indunusiya ko Kenya zai kai baɗi. Don haka ka rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya da kowannensu: abin da ke wuyanka, ruwa da awo da tsafta, abin da ke wuyansa, wuta ba yankewa, abinci daidai, ba feshi a ɗakin. Ku sa hannu ku biyu. In akwai abin da ya cancanci kuɗi yanzu, sikeli ne, da ruwan gwajin madubi, da sababbin matatai, da sababbin duro na abinci in ba ka san asalin naka ba. Wannan daga cinikin shago za ka iya, ba sai ka ranta ba.

Saura yayarka. Na san abin da ya hana ka matsa wa yaron tun farko, kana gudun kada ya kai ƙara gida a ce ka wulakanta ɗanta. Ka riga shi zuwa. Ka je ka gaishe ta, ka gaya mata asarar da aka yi ba tare da ka ɗora masa ba, ka ce daga yau aikin zai koma na rubutu, kuma za ka yanka masa albashi tsayayye maimakon ɗan abin da kake miƙa masa in ka tuna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ita ma ta sani. Wata na farko ka tsaya tare da shi a kowane kwaɓi, ko da shago zai buɗe a makare, kai ma ka sa hannu a ƙarƙashin nasa. Bayan wata uku ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini, tare da lissafin abin da lita ɗaya ke ci, sai mu duba ko akwai maganar ƙara inji.