Me Ya Sa Imam Buhari Yake Maimaita Hadisi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna karatun Sahihul Buhari a masallacinmu na Aboabo, nan Kumasi. Hadisin niyya da aka buɗe littafin da shi, sai ga shi mun sake cin karo da shi a Kitabul Iman. Mantuwa ce ko kuskuren masu bugawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu mantuwa, babu kuskure. Idan Allah ya kai ku ƙarshen littafin, sau 7 za ku haɗu da hadisin nan: bayan waɗannan biyun, yana cikin babin 'yanta bayi, da hijira, da aure, da rantsuwa, da kuma Kitabul Hiyal, wato sashen da yake magana kan dabarun kauce wa hukunci.

Imam Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, jigo ya bi wajen tsara littafinsa. Duk inda hadisi yake ɗauke da hukunci, can yake kai shi, wani lokaci da wani isnadi (jerin masu ruwaya) daban, wani lokaci ya yanko gaɓar da yake buƙata kawai. Mai aure yana da niyya, mai rantsuwa ma haka, mai neman dabarar kauce wa zakka kuwa niyyarsa ce za ta kama shi. Shi ya sa malamai suke cewa fiƙihun Buhari yana cikin kanun babobinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu jan baƙi suke bi ta kan taken babi da sauri, alhali nan ne Buhari yake magana da bakinsa.

Imam Muslim, ɗalibinsa, wata hanya ya ɗauka. Yakan tara hadisi da hanyoyinsa wuri guda, kuma kanun babobin da suka yaɗu a bugun yau na Imam Nawawi ne.

Musnadin Imam Ahmad kuwa sunayen sahabban da suka ruwaito hadisan ya bi, ya fara da Sayyidina Abubakar, don haka mai neman hukuncin alwala a ciki zai sha wahala. Littattafan Sunan, irin na Abu Dawuda, tsarin fiƙihu suka bi, daga tsarki.

Idan kun zo Kitabul Hiyal, ku roƙi malaminku ya tsaya a kan taken babin farko, ya nuna muku dalilin da ya sa aka dawo da hadisin niyya can.