Za ku kai yara Dubai a watan Agusta?

Hajiya, kin tambaya ko yara uku za su iya jure wuraren wasa na Dubai a hutun Agusta. Za su iya, amma sai da dabara, domin zafin yakan haura digiri 40, ga wani gumi mai maƙalewa a jiki wanda ba irin na Kano ba.

Ranar wasan ruwa, ko Wild Wadi ne ko Aquaventure da ke Palm Jumeirah, ku isa tun ana buɗe ƙofa. Ki saya musu takalman roba na shiga ruwa, don Allah kada ki raina wannan. Daɓen wurin da azahar ya sa autata kuka, sai goya ta na yi. Ki riƙa ba su ruwa ko ba su nema ba, yaro in yana cikin ruwa ba ya jin ƙishirwa. Ki auna tsayinsu tun a gida, saboda manyan silalo na Aquaventure sai mai mita 1.2. Ke kuma ana barin kayan wanka masu rufe jiki.

Washegari ku huta da zafin rana, ku tafi wurin wasa na IMG Worlds of Adventure, duk a rufe yake da na'urar sanyaya ɗaki.