Ruwan burtsatse da ba ya kumfa

Hajiya, kin ce ruwan burtsatsenku a Barnawa ba ya kumfa, yana kuma barin farin tabo a kofuna da tukwane. Kalsiyam da magnesiyam ne suka yi masa yawa, su ke cinye sabulun. Ki sa a haɗa miki tankin resin, ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero. Suna riƙe waɗannan sinadarai, su saki sodiyam a madadinsu. In sun ƙoshi, sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, su koma aiki.

Amma don Allah ki duba: in ruwan na barin tsatsa a bokiti, a sa matatar da ke cire ƙarfe daga ruwa kafin resin, in ba haka ba zai toshe da wuri. Resin ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ruwan sha kam a ci gaba da tafasawa.