'Yar riƙona ta ce yarinyar littafin kamar ita ce

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Daga Garwa nake, 'yar yayana ce nake riƙo tun rasuwar uwarta, yanzu tana lise, wato babbar sakandare. Wani littafin faransanci ta aro gun ƙawarta, labarin yarinyar da ba a so a gidansu har ta gudu ta bi masu wasan yawo, masu tafiya kan igiya da wasa da zaki cikin tanti, ga mayu ga aljanu ga mutuwa, wlh da ta ba ni labarin sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da ya fi damuna cewa ta yi wai yarinyar kamar ita. In ƙwace ne ko ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Dan Allah kar ki ƙwace. Batun tsoro kam ai da shi muka tashi, tuna tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa ke aike rafi da dare, ga Dodo a hanya, a bakin kakanninmu muka ji su kuma ba mu lalace ba. Wasan tantin nan a Landan wani Bature, Philip Astley, ya faro shi a 1768 da wasan doki, amma mu ma muna da namu, gardawa masu bin kasuwa-kasuwa da kura da biri da maciji suna sayar da magani. Marubuta na son irin wurin ne don can yaron da gida ya ƙi yake samun masu tafa masa, sannan ubangidan wasa ya ci da guminsa.

Ni maganarta ce ta tsaya min a rai, yarinya ba ta faɗin haka a banza. Ban ce kin zalunce ta ba, kin ciyar kin biya makaranta, Allah Ya saka, amma ki duba gidan da kyau, wa ake fara tashi aike, wa ake fara ɗinka wa kayan sallah, ana ma ambaton mahaifiyarta kuwa ko kowa ya yi shiru kamar ba a taɓa yin ta ba?

Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ce ta nuna miki inda ya fi taɓa ta a littafin, kar ki katse ta kuma kar kalmar butulci ta fito bakinki ko da ta faɗi abin da ya yi miki zafi. In kin ji zancen guduwa ko illata kanta to ranar ki kira babanta ku kai ta ganin likita.