Meye amfanin koyon PCR alhali ko injin ba mu gani ba?

Tambaya: Salam Dakta, ni ɗalibin likitan dabbobi ne aji huɗu. Ana ta koya mana PCR, gwajin gano cuta ta ƙwayar halittarta, amma duk inda na je sanin makamar aiki a Kaduna madubin likita kawai nake gani. Anya ba wahalar banza muke sha ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi ba wahalar banza ba ce, kuma kai ɗan Kaduna ka fi kowa dalilin riƙe ta. A Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a duk Afirka, kuma sai da samfur ya je har Italiya. Da ido ba ka iya raba ta da cutar kaji ta Newcastle, kaji ne dai ke zubewa, toh dole a nemo ƙwayar halittar cutar kanta.

Aikin PCR ke nan. Ana ciro DNA, wato ƙwayar halitta, daga jini ko nama, a zuba firaima, wani ɗan gajeren DNA ce wadda ba ta kama komai sai guntun da ake nema, injin ya yi ta ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95 na Celsius yana saukewa yana komawa digiri 72, kowane zagaye guntun ya ninka biyu, zagaye 30 ya kai wajen biliyan. In ƙwayar halittar cutar RNA ce ba DNA ba, kamar murar tsuntsaye, sai an fara mayar da shi DNA.

Dubi sammore. Saniya na ta ramewa, ka duba jini ba ka ga komai ba don ƙwayoyin sun yi kaɗan, PCR kuwa za ta kamo su har ta faɗa maka irin ƙwayar sammoren, vivax ce ko congolense. Ga cibiyar binciken sammore nan cikin garin Kaduna, ga ta Vom, ka nemi izini ka je ka gani da idonka.

Abin da ya fi damuna shi ne samfur, don nan ne hannunka yake ko ba ka taɓa injin ba. Jinin PCR a kwalbar EDTA ake sa shi mai murfi shuɗi-shuɗi ɗin nan ruwan makuba, ba a kwalba mai heparin ba, don shi wannan maganin hana jini daskarewa hana gwajin aiki yake yi. A sa shi cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta suna da kwanan wata, kar ya wuni a but ɗin mota cikin rana musamman RNA da ke saurin lalacewa, sai sakamako ya fito babu cuta alhali garken Bafulatani na ƙarewa.

Kuma in an ce akwai, kar ka ruga ka yi allura, PCR tana kama DNA ɗin ƙwayar da ta riga ta mutu ma. Ka koma kan dabbar, ka tambayi makiyayi yaushe ta fara kuma wane magani aka ba ta, sannan ka tambayi lab ko sun haɗa da samfurin da aka san akwai cutar da wanda aka san babu. In ba su haɗa ba, a sake gwajin.