Muryar da aka turo guruf: a gyara diraya ko a sayi sabuwa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Hajiya na saurari saƙonki, kin ce dirayarki, wato injin busar da kayan wanki, tana juyawa lafiya lau amma kaya sai su fito da danshi ba ɗumi ko kaɗan, shekararta bakwai, wai an ce miki ki rabu da ita kawai ki sayi sabuwa. To ni dai in za ki ji tawa kada ki yi gaggawa, ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Kin ga tunda gangar tana juyawa to moton yana da rai, bel ɗin ma bai tsinke ba, ai kin tsallake babba kenan. Wadda take juyawa ba zafi yawanci abu uku ne, ko hitar ta ƙone, ko tamostat mai daidaita zafi ya mutu, ko kuma wani ɗan fis na zafi da ke jikin hitar ya yanke, shi wannan aikinsa kenan dama, in zafi ya wuce kima sai ya katse wutar don kada gobara ta tashi, wasu ma akwai ɗan maɓalli a jikinsu da ake dannawa su dawo. Dukkansu ƙananan kaya ne, mai gyara zai ɗora mita a kai cikin 'yan mintuna ya gaya miki wanda ya mutu. Don haka duk wanda ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ta gama yayi bai kwance ko noti ɗaya ba, wallahi ban yarda da maganarsa ba.

Amma fa ga inda ake yin asara, sai a canja fis a biya kuɗi a manta da abin da ya sa ya yanke. Ai ba haka kawai yake yankewa ba, iska ce ba ta samun hanya. Wannan burbushin zaren da ke fita daga jikin kaya, ki zaro matatar da ke bakin ƙofa ki gani, za ki tarar ya kwanta kamar bargo toka-toka, ki sa yatsa ki naɗe shi ya tashi gaba ɗaya, to wanda ba kya gani a ciki ya fi wannan yawa. Ki wanke matatar da ruwa ki ɗaga ta wajen haske, in ba kya hango haske ta ragar to a toshe take ko da ido ya ce miki tas take, sabulun laushin kaya yana liƙe ramukan. In mai bututu ce ki duba bututun baya ko ya lanƙwashe ko ya cushe, in mai tankin ruwa ce akwai wani akwati a ƙasa da ake zarowa a wanke, mutane da yawa ba su ma san yana nan ba.

Yawwa, na tuna, ba ki faɗa mana wace iri ce ba, kuma wannan shi ne zai iya juya maganar duka. Akwai sababbin nan masu kwamfiresa, su ba hita suke amfani da ita ba, gas ne a ciki suna aiki irin na firji ko AC, to in irin wannan ce ta daina ɗumi bayan an share ta tas, akwai yiwuwar kwamfiresa ce ko gas ya zube, shi kuma gyaransa tsada gare shi kuma ba kowane mai gyara ne ya iya ba, nan kam sai a zauna a yi lissafi. Haka in bod ɗin kwamfutarta ne ya ƙone, ko moto. Su ukun nan su ne suke sa in ce wa mutum ya haƙura. Amma bel, kafasita, boris in tana ƙara ƙiii, makunnin ƙofa, famfon ruwa, duk waɗannan a gyara kawai.

Lissafin da ake yi shi ne, ki haɗa kuɗin kaya da kuɗin hannu, in ya haura rabin kuɗin sabuwa irinta kuma ta doshi shekara 10 to a sayi sabuwa, don dama wajen shekara 10 zuwa sama kaɗan suke yi. Taki mai 7 tana tsakiya, in wannan ne ciwonta na farko a gyara, in kuwa bara an taɓa ta bana ma an taɓa, kuma kayan gyaranta sai an sha wahala kafin a samu, to kin san inda aka dosa. Ki kuma duba takardar garanti, wasu kamfanonin suna ba da garanti mai tsawo a kan moto ko kayan gyara, mutane su jefa takardar a durowa su manta.

Sai maganar wuta, don wani zai ce ai sabuwa ta fi tattali. Gaskiya ne, mai hita tana jan wat 2000 zuwa 2500, mai kwamfiresa kuwa kusan rabin wutar take ci a kaya iri ɗaya, shi ya sa ma Tarayyar Turai daga Yulin 2025 ta tsaurara doka ta yadda kusan su kaɗai ake shigarwa kasuwa. Sai dai ta fi tsada wajen saye, ta fi jan lokaci kafin kaya su bushe, kuma ba ta son ɗaki mai sanyi sosai. In gidanki kullum cikin wanki ake ga yara ga zannuwan gado to za ta mayar miki da kuɗinki a hankali, in kuwa sai jefi-jefi kike kunnawa ba dalilin yar da mai aiki ba ne.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi, in kin taɓa jin ƙauri ko kin ga baƙin tabo na ƙuna a bayanta ko a filogi, ki zare ta daga soket kada a sake kunnawa sai an buɗe an gani. A Birtaniya kamfanin Whirlpool a 2015 ya sanar da matsala a dirayoyin Hotpoint da Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, burbushin nan ne yake taɓa hita ya kama da wuta, har a 2019 aka janye waɗanda ba a gyara ba. Kuma don Allah in Alhaji ko yara za su buɗe bayanta a cire filogi tukuna, kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Yanzu dai ki buɗe ƙofar, a jikin bakin ko a baya akwai 'yar takarda mai lambar samfuri, ki ɗauko hotonta ki turo nan guruf in ga wace iri ce, sannan in mai gyara ya zo ki ce ya faɗa miki sunan abin da ya mutu da kuɗinsa daban kuɗin aikinsa daban kafin ya taɓa komai, kuma ya bar miki tsohon da ya cire.